Maganin ɗaya ne, alƙalamin ne ke ninka kuɗin

Duk magidancin Tama da ya taɓa ɗaukar ɗansa zuwa Buza ko Madawa cikin sanyin hunturu, yaro na numfashi sama-sama, haƙarƙari na shiga da fita, ya san cewa dubawar likita ba ita ce mai tsada ba. Tsada tana farawa ne lokacin da aka miƙo masa ƴar takarda mai layi huɗu ko biyar, aka ce ya je farmasi. Ba ya karanta Faransanci, balle rubutun likita. A hannunsa akwai kuɗin buhun albasa ko na akuyar da aka kai kasuwa ba don ana so ba. Mai farmasi ya lissafa, kuɗi ba su kai ba. Daga nan sai a shiga ciniki da ran yaro: wane layi za a saya, wane za a bari?

Sau da yawa layin da ya fi cin kuɗin shi ne na maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma tsadarsa daga sunan da aka rubuta take. Amoksisilin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gaba wajen maganin ciwon huhu na yara, kamfanin Beecham na Ingila ne ya fitar da shi kasuwa a 1972. Haƙƙin mallakarsa ya ƙare tun da daɗewa, kuma masana'antu da yawa, musamman a Indiya da Sin, suna yin sa. In aka rubuta Clamoxyl, an ambaci kwali da tambarin kamfani. In aka rubuta amoksisilin, an ambaci abin da ke cikin kwalin. Haka Bactrim yake da kotirimokzazol. Sinadari ɗaya ne, awo ɗaya, aiki ɗaya a jiki. Wannan na biyun shi ake kira jenerik, wato magani mai sunan asali, kuma abin da ya raba kuɗinsu shi ne talla, kwali mai ƙyalli da ribar mai suna. Ƙwayar cutar da ke huhun yaron Tama ba ta karanta tambari.

Mahukuntan Nijar ba za su ce ba su san wannan ba, don su suka sa hannu. Tun 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin da ya ce: a cika ƙananan gidajen likita da jenerik masu sauƙin kuɗi, mara lafiya ya biya kaɗan, a juya kuɗin a sake sayo magani. A 1993 aka gwada tsarin a Boboye da Say, aka ajiye Illela ta nan jahar Tawa don kwatantawa, kuma a Boboye masu zuwa likita suka ƙaru, don sun ji cewa akwai magani. Sai ga Janairun 1994, aka karya darajar sefa a Dakar: faran guda na Faransa ya tashi daga 50 zuwa 100. Ƙasar da kusan duk maganinta daga waje yake zuwa ta kwana ta tashi da tsadar da ba ta iya ɗauka. A ranar ne manyan Yamai da ke yi wa jenerik kallon maganin ƙauyawa suka gano darajarsa. Dokar 1995 ta shimfiɗa tsarin biyan kuɗin jinya a ƙasa baki ɗaya, kuma alkawarin da aka yi wa talaka a fili yake: ka biya, ka sami magani a inda aka duba ka.

Ina alkawarin ya kwana? A 2006 gwamnatin Tanja Mamadu ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce. Niyya mai kyau, ba mai musu. Amma kyautar ta tsaya ne a kan cewa gidan likita zai ba da magani, ya aika lissafi Yamai, baitulmali ya biya. Baitulmali ya yi ta jinkiri, bashi ya taru na shekaru, asusun da ake juyawa ya bushe, kantocin magani suka zama fayau. Aka yi kyauta da akuyar wani, mai akuya kuwa shi ne ƙaramin gidan likitan karkara. A Madawa da Buza, ƙungiyar likitocin MSF da ta shigo bayan yunwar 2005 ta toshe wani sashe na ramin, amma baƙo ba ya zama ginshiƙin gida. Likitan da ya duba kanta ya ga ba amoksisilin ba shi da abin bayarwa sai takarda. Takunkumin CEDEAO na 2023 da rufe hanyar Kwatano sun ƙara nuna yadda igiyar ke da rauni.

To, ko da takardar ce, me ya hana a rubuta sunan asali? A nan laifin ya sauko daga ofisoshin Yamai zuwa teburin mai rubutu. Wani ya saba ne kawai, da sunan kamfani ya koyi aikin. Wani kuwa wakilan kamfanoni sun ziyarce shi, sun bar masa alƙalami, kalanda da littafin rubuta magani, kowanne ɗauke da sunan da ake so hannunsa ya riƙe. Ba a kiran wannan cin hanci, ana ce masa wayar da kai. Ga kuma layukan rakiya: ruwan ƙarin jini, ruwan tari, ruwan buɗe ciki, waɗanda ke cinye kuɗin da ya kamata su sayi maganin gaske har ƙarshensa. Akwai ma takardun da bai kamata a rubuta su ba sam, domin mura da yawancin zawon yara ba su jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Majinyata su ma suna da nasu kason: akwai mai ganin likitan da bai cika masa takarda ba ya raina shi, akwai mai cewa magani mai arha ba ya da ƙarfi.

Masu kare tsada suna da hujja guda, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa arha ita ce ƙofar jabu. Gaskiya ne jabun magani ya yi wa ƙasar nan ɓarna, amma a tuna yadda ya shigo. Lokacin annobar sanƙarau ta 1995, allurar rigakafi kimanin 88,000 da aka kawo gudummawa daga Nijeriya ta zamo ta ƙarya, babu sinadari a ciki, kuma an yi wa dubban mutane ita kafin ma'aikatan MSF su gano. Wane suna ne a jikin kwalaben? Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham, manyan kamfanonin Turai, waɗanda ba su suka yi ta ba. Mai yin jabu babban suna yake kwaikwaya, don a nan riba take. Abin da ke kare mutum shi ne hanyar da magani ya biyo: ko ya fito daga ONPPC ko dillali mai izini, ko ɗakin gwaji na LANSPEX ya auna shi, ko an ajiye shi inda zafin Adar bai dafa shi ba.

Mai maganin tire a kasuwar ƙauye bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma shi ne ya gaji kantar da gwamnati ta bari fayau. Shi ba ya neman takarda, ba ya tsawa, yana sayar da kafso ɗaiɗai, biyu ko uku, gwargwadon abin da ke aljihu. Magidancin da farmasi ta kora yana ganin ya yi tsimi. Ana buɗe kafso a zuba a kunu, zazzaɓi ya ɗan lafa, a dakata. Ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa, kuma ranar da ciwo ya dawo, amoksisilin ɗin kirki ma ba zai ci su ba. Sai allura, sai kwanciya asibiti, sai kuɗin mota zuwa Galmi ko Tawa, sai saniya ta bi akuya. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi kashedi kan shan abin da bai kai awo ba tun 1945. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yammacin Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a.

Gyaran bai buƙaci taron ƙasa ba. Ma'aikatar lafiya tana da ikon tilasta wa duk mai rubuta magani a gidan likitan gwamnati ya rubuta sunan asali, da yawan kwanakin sha, ta kuma hukunta wanda ya ƙi. Mai farmasi ya faɗa wa mai saye cewa akwai irinsa mai sauƙi kafin ya miƙo mai tsada. Kwamitocin da ke kula da kuɗin gidajen likita a Tama, Buza, Keita da Madawa su liƙa farashin jenerik a bakin ƙofa, da boko da ajami, gidajen rediyon karkara kuma su karanta shi ranar kasuwa don waɗanda ba su karatu. Baitulmali ya biya kuɗin jinyar yara a kan kari, tun kafin hunturu ya shigo da ciwon huhu. Magidanci kuwa yana da tambaya ɗaya da ba ta cin ko dala, wadda zai iya yi wa likita kafin alƙalami ya sauka, ya sake yi wa mai farmasi kafin ya kwance lalita: akwai jenerik ɗinsa, kuma kwana nawa yaron zai sha?