Zafi da Ƙura: Fankar da Ta Dace da Kwamfutar Cikin Birnin Kano

Mafi yawan shawarwarin da ake karantawa a intanet kan sanyaya kwamfutar tebur, an rubuta su ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 22 zuwa 25 ba, a garuruwan da ba su san hazon hunturu ba. Wanda ya ɗauko su ɗungurungum ya kawo wani shago a Ƙofar Mata ko Mandawari, ya ɗauko maganin ciwon da ba shi ke damunsa ba. A Kano, a watan Afrilu, zafin rana yakan haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a kan komai. Ra'ayina shi ne, a cikin birni, tsara hanyar da iska za ta bi da kuma tace ta sun fi yawan fankoki muhimmanci, kuma wanda ya gane haka zai kashe kuɗi kaɗan ya samu kwamfuta mai tsawon rai.

Dole a fara da abin da fanka ba ta iya yi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta shi ne ta kori iskar da ta ɗauki zafin kayan ciki, ta shigo da iskar ɗaki a madadinta. Saboda haka kwamfutar da ake sanyayawa da iska ba za ta taɓa fin ɗakin da take ciki sanyi ba. Idan wani mai gwaji a Jamus ya ce furosesarsa na tsayawa a digiri 75 a ɗaki mai digiri 22, to irin wannan injin a ɗakin da ya kai digiri 38 zai doshi digiri 91. Furosesoshin Intel da yawa suna rage gudu da kansu idan suka kai wajen digiri 100, na AMD Ryzen da yawa kuma wajen 95. Ke nan ratar da Bature yake da ita ta yin sakaci, mu ba mu da ita. Mai tace fim ɗin da aikinsa ke jan ƙafa da azahar a bazara, da mai shagon buga takardu da kwamfutarsa ke mutuwa ana tsakiyar aikin wani, sau da yawa wannan ne ciwonsu, sai su ɗora wa bairos laifi ko su ce injin ya tsufa.

Lissafin iskar da ake bukata ba shi da wuya. Kusan duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa. Kwamfutar da ke cin wat 300, idan ana son iskar da ke fita kada ta ɗara wadda ke shiga da fiye da digiri 10, tana bukatar wajen mita kubik 95 na iska a kowace awa, abin da ake rubutawa a kwalin fanka da kusan CFM 55. Fanka mai faɗin milimita 120 ta kirki takan kai wannan adadi a fili, amma da zarar an sa mata matata a gaba sai ƙarfinta ya ragu. Don haka fanka biyu masu shigo da iska a gaba da ɗaya mai fitarwa a baya sun wadaci yawancin injinan aiki. Kwamfutar ofis mai cin wat 80 ba ta ma bukatar haka. Fanka shida masu fitilu kala-kala ado ne, kuma adon da ke ƙara jawo ƙura.

Dalilin sa biyu a shiga, ɗaya a fita, shi ne zuciyar maganar. Idan iskar da ake turawa ciki ta fi wadda ake zuƙowa waje yawa, rarar takan fice ta kowace kafa da tsaga ta jikin akwatin, ƙura ba ta samun hanyar shiga sai ta gaban matata. Idan aka juya lissafin, masu fitarwa suka fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙar iska ta ko'ina, ta ramukan USB, ta gefen murfi, ta wuraren da babu abin tacewa. A ƙasar da iskarta ke da tsabta wannan tsari na biyu yana iya ba da sanyi kaɗan fiye da na farko, shi ya sa wasu ke yabonsa. A Kano kuwa, kafin hunturu ya fita, ƙura za ta toshe tsakanin ƙarafan sanyaya furosesa kamar an lulluɓa musu bargo, sanyin da aka samu a makon farko ya tafi gaba ɗaya.

Magina na cikin birni sun riga mu sanin wannan ciniki. Wanda ya shiga Gidan Makama ko wani tsohon soron ƙasa da tsakar rana zai ga katanga mai kauri, da 'yan tagogi ƙanana, da rufi mai tsayi. Ba su buɗe gini ta ko'ina don neman iska ba, sun taƙaita mashigarta. Tsarin akwatin kwamfuta ma haka ya kamata ya zama: mashiga sananniya a gaba ko ƙasa, mafita a baya ko sama. Sai dai a kula, ƙarfin fanka ya fi ƙarfin tashin da iska mai zafi ke yi da kanta nesa ba kusa ba, don haka fanka guda da aka ɗaura baibai ta isa ta hargitsa komai. Gane fuskarta abu ne mai sauƙi: iska na fita ne ta ɓangaren da sandunan da ke riƙe da motar suke, kuma fankoki da yawa suna da kibiya a gefe.

A wajen saye, ko a Farm Centre ne ko a titin Beirut, akwai abubuwan da suka fi launi. Babbar fanka, mai milimita 120 ko 140, tana tura iska daidai da ƙarama mai milimita 80 a juyi mafi sanyi da ƙara kaɗan, in dai akwatin yana da gurbinta. Fanka mai bushin ita ce mafi araha, amma manta yakan bushe da wuri a zafi, musamman idan aka kwantar da ita a saman akwati; mai boris ko mai lulluɓaɓɓen mai ta fi juriya. Mai waya huɗu tana ba kwamfuta damar ƙara mata gudu ko ragewa gwargwadon zafi, wanda ke da amfani a garin da asubahin Janairu da azahar ɗin Afrilu suka yi hannun riga. Fankar da za ta zauna bayan matata kuma a nemi wadda aka ƙera don tura iska ta cikin cikas. Masu tsofaffin injinan ofis na hannu su duba kafin su saya, domin wasu samfuran Dell OptiPlex suna da mahaɗar fanka ta kamfanin kaɗai, wadda fankar kasuwa ba ta shiga sai da ƙarin waya.

Akwai masu cewa duk wannan dogon turanci ne: a cire murfin gefe, a saita wa injin fankar ɗaki, shi ke nan. Gaskiya ne zafin yakan sauka a ranar, kuma a matsayin ceton gaggawa ba laifi. Amma injin da aka bari a buɗe ya zama matattarar ƙura da kyankyasai da ƙadangaru, ga hannun yara. Wasu kuma na cewa matata na rage iska a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amsarta kuwa tana cikin kalandarmu. Ƙura ta fi tsanani a lokacin sanyi, sa'ad da injin ke da ratar jure ƙarancin iska, don haka a hunturu a bar matata a wurinta, a riƙa kakkaɓe ta kowane mako. Kafin bazara ta kankama, a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, a fitar da injin waje a hure shi da bulowa, a riƙe fikafikan fankoki kada su juya da gudun da ya wuce kima, a sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya idan ya bushe. Masu cewa a sa na'urar sanyaya ɗaki kawai, su tuna cewa fankar kwamfuta na cin wat ɗaya zuwa uku, ita kuwa na'urar mai ƙarfin doki ɗaya tana cin ɗaruruwa, kuma mai aiki da sola ko janareta ya san bambancin a aljihunsa.

Saura wurin ajiya, wanda ba ya cin ko kwabo. Akwatin da aka ajiye a ƙasa, kusa da ƙofar shago mai fuskantar lungu, yana shaƙar duk abin da tsintsiya da babura suka tayar. A ɗora shi a kan tebur ko benci, a bar tazarar akalla taƙi ɗaya tsakanin bayansa da bango, kada a cusa shi cikin durowa. Ɗakin ma a bar masa mafitar iska, domin injin mai wat 300 a rufaffen shago mai rufin kwano yana dumama iskar da zai sake shaƙa.

Masu haɗa kwamfuta da masu gyara su ya fi kamata su ɗauki wannan nauyi, tunda su ne mai saye ke tambaya. Wanda ya sayar wa Bakano akwati mai gilashi a gaba, babu mashigar iska sai 'yar siririyar tsaga, ya sayar masa da abin da zai dawo gyara kafin damina. Ya fi kyau a tambayi mai saye inda zai ajiye injin da aikin da zai yi da shi, a nuna masa yadda ake cire matata a mayar, a kuma sa masa manhaja mai nuna zafin furosesa don ya riƙa dubawa a watan Afrilu.