A Rufe Buhu, A Ɗanɗana!

Jama'a, ku matso ku ji labarin masu ɗanɗana giya na ƙasar Faransa. Kada wani ya ce muna kiran mutane ga barasa. Jihar Kebbi ta ƙaddamar da Shari'a tun 2000, ba kuwa abin da ya haɗa mu da kwalba. Amma abin da ke cikin labarin nan ya shafi kowane mai riƙe da mudu a kasuwar Birnin Kebbi.

Ran 24 ga Mayu, 1976, wani Bature ɗan Ingila mai sayar da giya, Steven Spurrier, ya tara gwanayen Faransa su tara a birnin Faris. Aka jera musu farar giyar inabi iri goma, huɗu na Faransa, shida na Kalifoniya ta Amurka, aka ɓoye sunayen. A lokacin nan duk mai ji da kansa ya yarda ta Faransa ba ta da ta biyu. Suka sansana, suka kurɓa, suka rubuta maki. Da aka buɗe sunaye sai ga ta Amurka, Chateau Montelena, ta zo ta ɗaya. Har wata daga cikin alƙalan ta ce a mayar mata da takardarta. Ashe rabin tsadar nan suna ne!

To, Faransawa sun san haka, shi ya sa suke tsaron suna kamar ƙwai a cokali. Dubi giyar nan mai kumfa da ake kira shamfen, wadda manyan Nijeriya ke ɓarin kuɗi a kanta. Champagne sunan wani yanki ne na Faransa, kuma tun 1927 doka ta shata iyakar gonakinsa. Inabin da bai fito cikin iyakar nan ba, ba shi da ikon ɗaukar sunan. Da hannu ake tsinkarsa, kuma ba a fitar da giyar kasuwa sai ta kwana wata 15 a ajiye. A 1941 manoma da 'yan kasuwa suka kafa majalisa guda mai tsaron wannan ƙa'ida. Yawancin gonakin na manoma ne, saboda haka in suna ya yi tsada, manomi ya samu.

Yanzu mu dawo gida. Wa ke tsaron sunan shinkafar Kabi? Manomi ya shiga fadamar Argungu da ta Birnin Kebbi, sauro ya cije shi, ya kori tsuntsu, ya biya kuɗin taki da na man injin ban-ruwa. Sa'an nan wani ya saye ta araha, ya goge, ya ɗura a buhu mai rubutun ƙasar Tailan, ya sayar wa mai albashi da tsada. Mai albashi ya ci, ya lashe hannu, ya ce ai 'yar waje dabam ce. Kaico! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mu ce shinkafarmu ba ta da aibi ba. Akwai mai tsakuwa, akwai mai jiƙa ta don ta yi nauyi, akwai mai buga gindin mudu. Waɗannan su ke ɓata wa kowa suna. Faransawa kansu suka fara ɗora wa doka kafin su ce duniya ta biya su. Mu ma haka ya kamata. Sunan kuwa yana sayuwa: a 2016, da aka haɗa sunan Ikko da na Kebbi a buhun Lake Rice, mutanen Ikko layi suka yi.

Ga abin da muke nema. Kowane buhu a rubuta garin da aka noma shi, da injin da ya casa, da shekara. Manoma da masu casa da 'yan kasuwa su zauna majalisa guda, su sa ƙa'ida, wanda ya karya a hana shi sunan. Mai canja buhu kuwa a kai shi gaban alƙali.

Na ƙarshe, tun 1934 ake bikin kamun kifi a Argungu. A Matan Fada ba a tambayar masunci ɗan wane ne. Giwan ruwansa ake ɗora wa sikeli a gaban kowa. To, a yi wa shinkafa haka. A girka tukwane goma, a ɓoye buhunan, a kira mata masu tuwo-tuwo da masu awo, waɗanda ke gane hatsi da haƙori da hanci, su yi alƙalanci. A gayyato manyan da ke cewa 'yar Hausa ba ta shiga cikinsu, su ma su ɗanɗana. Ran nan za mu ga wanda zai ce a mayar masa da takardarsa.