Wasa Farin Girki: A Bar Yara Su Taɓa Ƙasa

Kwanakin baya na kai ziyara gidan wani abokina, inda na tarar da ɗansa mai shekara biyar ya jera tsakuwoyi a gindin katanga. Babbar ita ce motar haya, ƙananan kuwa fasinjoji, yana karɓar kuɗin mota da ganyen darbejiya. Ko da uban ya hango shi sai ya daka masa tsawa, ya ce ya zubar da wannan ƙazanta ya je ya ɗauki motar roba da aka sayo masa da tsada. Ban ce uffan ba, amma abin ya tsaya mini a rai, domin kuwa a ganina an kori yaron ne daga makaranta.

Mai karatu, mu tuna da namu zamanin. Babu wanda ya taɓa saya mana abin wasa. Da karan dawa muke ƙera mota da doki, da laka muke gina shanu. 'Yan mata na yin carabke, a cilla tsakuwa sama a kwashi na ƙasa kafin ta faɗo, da ɗai-ɗai, sannan da bibbiyu. Suna zana 'yar gala-gala su jefa tsingaro, suna tuƙa tuwon ƙasa. Ba banza ba Bahaushe ya ce wasa farin girki, wato daga tuwon ƙasa ake fara koyon na dawa.

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne lokacin da yaro ya ce da dutse "kai ne mota". Masanin nan na ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, ya yi bayani a wata lacca a 1933 cewa idan yaro ya hau sanda ya kira ta doki, to ya fara raba ma'ana da abin da ido ke gani. Wannan kuwa shi ne tushen harshe, domin babu abin da ya haɗa kalmar "doki" da dabbar sai yarjejeniyar masu magana. Kafinsa, Ferdinand de Saussure, a littafin darussansa da aka buga a 1916, ya kwatanta harshe da darar Turawa, inda ya nuna cewa idan ɗa ya ɓace ana iya maye gurbinsa da wani abu, muddin 'yan wasa sun amince. Mu da muka tashi muna kallon dara, gurbi 30 a ƙasa, wannan da tsinke 12, wancan da tsakuwa 12, mun san haka tun ba mu ji sunan Saussure ba.

Bugu da ƙari, wasan da yara suka ƙirƙira da kansu ba ya zuwa da doka a rubuce. Su ne za su zauna su tsara ta, su yi gardama, su kama mai maguɗi, su yi sulhu don kada wasa ya watse. A nan ake koyon kafa hujja, da jiran layi, da haƙurin shan kaye. Motar roba mota ce kawai har ta karye, wasan cikin waya kuwa wani ne can ya gama tsara shi. Amma dutse yau mota ne, gobe rago, jibi kuɗi.

Ba ina cewa iyaye ba su da uzuri ba. Tsoron masu satar yara gaskiya ne, kuma dandali ya mutu a yawancin biranenmu, an yanka filayen an sayar. To amma idan waje ya gagara, me ya hana cikin gida? Mu 'yan boko mun shafe tsakar gida da siminti, mun cika wa yaro yini da boko da Islamiyya da darasin gida, ba mu bar masa ko awa guda tasa ta kansa ba. Alhali sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ya sanya wasa cikin haƙƙoƙin yaro, kuma a 2024 Majalisar ta ware 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya.

Don haka ina kira ga iyaye da su bar ɗan lungu na yashi a gida, su ƙyale yara su tara tsakuwa da kara, tufafi in sun yi datti a wanke. Masu makarantu su bar fili na ƙasa, su kuma daina hukunta yaro don ya yi Hausa a lokacin tara. Hukumomin tsara birane su tanadi dandali mai tsaro a kowace sabuwar unguwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa mu gane.