Cutar dajin baki: Na'urar gashi ta iso Katsina, amma jinkiri ne ke kashe majinyata

A watan Yulin 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu cutar daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Ga mutanen Mashi da sauran garuruwan shiyyar Daura, wannan babban sauƙi ne, domin a da mai buƙatar gashi sai ya nufi Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja. Sai dai a cutar dajin baki, matakin da majinyaci ya iso da ita shi ne ke yanke hukunci.

Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan aka gano cutar kafin ta bar inda ta tsiro, fiye da mutum 80 cikin 100 kan rayu shekara 5 ko fiye. Idan kuwa ta bazu zuwa sassan jiki masu nisa, ba su kai rabi ba. Ƙaramin ƙari tiyata kaɗai kan iya kawar da shi. Wanda ya ci muƙamuƙi ko ya sauka kaluluwar wuya yana buƙatar babbar tiyata da gashi na mako 6 zuwa 7, kwana 5 a kowane mako, wani lokaci har da allurai. Ga ɗan kasuwar da ke ciyar da gida daga cinikin yini, wannan na nufin rufe rumfa da cinye jari.

Cutar kan fara ne da ɗan miki a harshe ko dasashi, ko farin tabo marar zafi. Sai a ɗauke ta ciwon haƙori, a bi kemis da masu magani har watanni su shuɗe. Masu shan sigari, da masu cusa taba gari a leɓe, da mashaya giya su ne suka fi shiga haɗari.

Akwai kuma batun kuɗi. Asusun tallafin masu cutar daji da aka ƙaddamar a 2021 ya soma ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsara, babu ta baki a ciki.

Don haka aikin da ya rage yana asibitocin matakin farko. Wajibi ne gwamnatin jiha ta horar da ma'aikatansu su riƙa duba bakin majinyaci, su kuma tura duk mai mikin da ya wuce mako 3 bai warke ba zuwa Katsina domin a ɗebi nama a gwada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.