Filin Majigi: Zabiya Ta Je Kiran Mai Gida

A ƙasar Madarumfa, da an gama tsabar gero sai maza su kama hanyar ci-rani. Wasu Ɗan Isa suke bi su shiga Katsina da Kano, wasu su yi nisa har bakin teku. Galibi suna komowa kafin ruwan shuka. Amma akwai wanda damina biyar za ta wuce ba a ga ƙeyarsa ba. Mata da yara su ke noman gandu.

Akwai wani silima na Hausa a kan wannan magana. Sunansa Kukan Kurciya. Sani Alhaji Magori ne ya yi shi a 2010. Shi mutumin Galmi ne, garin albasa, cikin jahar Tawa. Aikin gona ya fara karanta kafin ya ɗauki kyamara.

Wannan silima ba irin na Indiya ko na Kano ba ne. Babu ƴan wasa. Kowa da sunansa na gaskiya ya fito, kuma damuwar ta gidan Sani ce. Mahaifinsa ya tafi Abijan, a ƙasar Kodibuwa, ya yi shekara da shekaru bai komo ba.

Ɗa ba ya duban ubansa ya ce masa: tashi mu tafi gida. Sai Sani ya nemi wata tsohuwar zabiya, Husai. A zamanin ƙuruciyarta, waƙoƙinta ne suke zuga samari su fita bida. Mai zama gida sai ya ji kunya. Sani ya roƙe ta ta juya waƙar, ta kira waɗanda ta kora. Ta yarda duk da tsufa. Suka yi doguwar tafiya har Abijan, kyamara tana biye da su. Ta tsaya gaban ƴan Nijar mazauna can, ta yi musu waƙar komowa gida.

Mai kallo zai gane abu guda. Ba kullum rashin kuɗin mota ke tsare mutum ba. Kunyar shiga gida hannu sake ta fi nauyi. Yaran da ya bari a goye sun yi gemu, bai san da bakin da zai gaishe su ba.

Ƙauyen da ya samu silimar, ya dace a nuna ta a dandali bayan girbi, tun ƴan ci-rani ba su ɗaure kaya ba.