Ga Bado a Fadama, Muna Kwafar Furen Kalanda

Abin takaici ne a ce matasanmu masu koyon zane da fentin ruwa a Wurno, Rabah da Goronyo sai furen kalandar Turai suke kwafa. Mu marubuta muka ɗora su a kan wannan hanya, don mun cika bangon littattafanmu da jan furen da ba mu taɓa shinshinawa ba. Alhali ga bado a fadamar Rima, ga farin furen albasa a gonakin Wurno, ga na kuɓewa rawaya mai jan ciki. Mai kwafar hoto har abada ba zai iya kallo ba. Jama'a, mu tura su fadama da takarda da buroshi, mu ma mu ɗauki alƙalami mu bi bayansu.