Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Umar Namadi Kan Yaran Da Suka Tashi Daga Sanƙarau

Mai Girma Gwamna,

Daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 1,686 da ake zargin sun kamu da sanƙarau a Najeriya, 1,252 daga ciki a Jigawa. Waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu. Kukana kan waɗanda suka tashi ne.

Sanƙarau kumburi ne a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya, kuma ko zazzaɓi ya sauka, tabon yakan zauna. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya sukan fita da kurumta, farfaɗiya, shanyewar gaɓa ko mantuwa. Haka zazzaɓin cizon sauro yake yi in ya hau kai da damina.

A ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, yaron da yake rera allonsa tsaf sai ya dawo daga asibiti ba ya jin kira, yana zabura da dare, yana faɗuwa a gindin murhu. Sai a ce iska ce, ko an yi masa sammu. A yi ta hayaƙi da rubutu, mata su janye 'ya'yansu daga kwanonsa wai kada su ɗauka, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta. Addu'a kam ba mai raina ta, amma farfaɗiya ciwo ce a nama, tana da magani mai araha.

Mun ga rigakafin sanƙarau na Men5CV a Maris 2024, mun gode. Sai dai allura ba ta warkar da wanda ciwon ya riga ya taɓa. Asibitin masu taɓin hankali na Kazaure kuwa, ga uwa 'yar Gwaram, can ƙarshen jiha yake, kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da ita.

Ranka ya daɗe, a haɗa hannu da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu a ware ranar duba duk yaron da aka sallama bayan sanƙarau ko jijjiga, a gwada jinsa tun da wuri. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin Gwaram gane alamomin, a ajiye musu maganin farfaɗiya kada ya yanke. A yi wannan kafin zafin bazara mai zuwa.

Wassalam,
Ɗan kudancin Jigawa